Yaƙi a Gida 30: Nazarin Dara a Bakin Masana'antun Kano

Dara yaƙin neman ƙasa ce, sai dai ƙasar da ake gwabzawa a kanta ba ta fi kamu biyu ba. Ramuka 30 ake tonawa, jeri 5, kowane jeri da rami 6, kuma kowane rami sunansa gida. Mutum biyu su zauna suna fuskantar juna, kowa da 'ya'ya 12. A ƙauye, ɗaya kan riƙi guntayen kara, ɗayan ya riƙi tsakuwa. A bakin masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai kuwa, abin da ƙasar wurin ta bayar shi ake tsinta: marafan kwalaben lemo, ƙananan notunan da suka zube daga hannun makanikan manyan motoci, guntayen roba. Mai wucewa a mota yakan ɗauka taron marasa aikin yi ne a gindin dalbejiya. Na daɗe ina ganin wannan hukunci bai yi wa dara adalci ba, domin tsari ne da leburori suka kafa da kansu, ba shugaba ba takarda, ga shi kuma yana nan da ransa bayan masana'antu da dama da aka kashe wa dukiya sun rufe ƙofa.

Kada a haɗa ta da ɗaya darar mai gida 12 da ake zuba ƙwaya ana zagayawa, wadda Yarbawa ke kira ayo. Wadda nake nufi ita ce ta jera uku, wadda aka san Dakarkarin ƙasar Zuru da gwaninta a kanta, Zabarmawan Nijar kuma suke ce mata dili.

Zango biyu gare ta. Na farko dasawa: kowa ya sa ɗa ɗaya a gidan da ya ga dama, bi da bi, har 'ya'ya 24 su ƙare, kuma a wannan zango ba a jera uku. Na biyu tafiya: ɗa yana matsawa gida ɗaya tak, gaba ko baya, dama ko hagu, ban da karkata. Wanda ya jera uku cif ya yi ci, sai ya ɗauke ɗa ɗaya daga cikin na abokin karawarsa. Jera huɗu ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka koma 2 ya faɗi, tunda ba shi da sauran abin jerawa.

Ƙa'idar ke nan, yaro ma zai haddace ta kafin shayinsa ya huce. Zurfin yana cikin lissafin da ya rage. Idan an cire 24 daga 30, gida 6 kaɗai ke zama fili sa'ad da aka fara tafiya, kuma waɗannan shidan su ne ƙasar da ake yaƙi dominta. Sabon shiga yana ƙirga 'ya'yansa, gwani yana ƙirga gidajen da babu kowa da kuma wanda ke tsare ƙofofinsu. Shi ya sa za ka ga dattijon ɗan dara ya daɗe yana juya tsakuwa a hannu lokacin dasawa, 'yan kallo suna ƙosawa, alhali da an fara tafiya sai hannunsa ya yi sauri. Ya san tun a dasawa ake cin wasa ko a faɗi. Wanda ya bari aka kewaye shi, ko da 'ya'yansa 12 na nan ba a taɓa ko ɗaya ba, zai tarar duk inda ya matsa kansa yake cuta, kuma dole ya matsa, domin babu mai cewa ya yafe juyinsa. Babban abin da kowa ke fako shi ne ya gina abin da wasu ke kira doki, wato ya tsara 'ya'yansa yadda ɗa guda zai riƙa kai da komo tsakanin gida biyu, duk matsawar da ya yi sai ta cika uku. Da doki ya tsaya, sauran wasan kwasa ce kawai.

Ko cin kansa yana da haɗari, kuma nan ne na fi ganin hikimar wannan wasa. Duk ɗan da ka ɗauke na abokin karawa, gida ka buɗe. Idan ka yi gaggawa ka ɗauki wanda ya fi kusa da hannunka, wataƙila ka buɗe masa hanyar da ya daɗe yana nema, sai dara ta ci gida. Saboda haka gwani bai damu da yawan ci ba, ya fi damuwa da wane ɗa zai ɗauke da kuma wa zai gaji gidan. Babu ɗan lido da ake jefawa a dara, babu kati da ake rabawa a rufe. Komai a fili yake a gaban kowa, wanda ya faɗi ba shi da sa'ar da zai zarga.

To, wasan mutum biyu ne, amma ba mutum biyu ke riƙe da shi ba. Kowane dandalin dara yana da mutanensa, kuma akwai abubuwan da sai an daidaita su kafin a dasa ɗa na farko. Wa zai zauna? Al'adar da aka fi bi ita ce wanda aka ci ya tashi, wanda ya ci ya ci gaba da zama, na gaba a layi ya karɓi wuri. Ba a rubuta layin, amma kowa ya san wanda ya riga shi zuwa, kuma mai ƙetare layi zai sha surutu. Wa zai fara dasawa? Idan ka taɓa ɗa, dole ne ka tafi da shi, ko kana iya fasawa? Ɗan kallo yana da bakin magana? A wasu wuraren tsit ake yi har a gama, a wasu kuwa rabin daɗin yana cikin zuga da tsokana, matuƙar ba a nuna wa mutum gida da yatsa ba. Idan gardama ta tashi, akwai wani babba da ake juyawa a kalla, yawanci tsohon maigadi ko direban da ya daɗe a wurin. Ba wanda ya naɗa shi, amma in ya ce, "Malam, ka ɗaga hannu, ta zauna," magana ta ƙare.

Wannan daidaitawa ta fi wuya a unguwannin masana'antu fiye da ƙauye, saboda a ƙauye kowa darar kakansa yake yi. A bakin ƙofar kamfani kuwa mutumin Zuru ne da na Damagaram, da Bakatsine, da Basakkwace, kowa da irin ƙa'idar garinsu. Wani ya ce ba a ɗaukar ɗa daga cikin ukun da suka riga suka jeru, wani ya ce ana ɗauka. Wani ya ce jera huɗu ba ci ba ne kawai, wani ya ce haramun ne ma ka matsa inda za su zama huɗu. Sai an zauna an yarda da ɗaya, kuma baƙo shi ke bin ta 'yan gida. Mutanen da ba su haɗa gari ba, wani sa'in ba su haɗa harshen uwa ba, suna kafa doka su bi ta ba tare da ɗan sanda ba. Ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba.

Tarihin wurin shi ya ba darar wannan kama. Bompai ce ta fara zama unguwar masana'antu tun kafin samun 'yancin kai a 1960, Sharaɗa da Chalawa suka biyo baya bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Masaƙu, da majemun zamani, da kamfanonin roba da alewa da man gyaɗa suka jawo dubban mutane daga karkara. Wani masani Ba'amurke, Paul Lubeck, ya yi nazarin ma'aikatan masana'antun Kano a littafinsa da ya fito a 1986, inda ya nuna da yawansu almajirai ne da suka shigo birni, ya kuma bi yadda suka nemi haƙƙin lokacin salla a wurin aiki, da yajin aikin da suka yi a 1971 kan ƙarin albashi. Abin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne masana'anta ta zo wa Bahaushe da sabon abu, wato lokacin da agogo da jiniya ke yankawa: aikin safe, na rana, na dare, da ɗan hutu a tsakani. Dara ta dace da irin wannan guntun lokaci. Ba ta bukatar fili kamar langa, ba ta bukatar ƙarfin da lebura ya riga ya ƙarar a kan inji, ba a sayen kayanta, kuma ana iya kammala wasa kafin a koma bakin aiki.

Daga baya abubuwa suka juya. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi zama, atamfar waje ta cika Kantin Kwari. Masaƙu irin su Gaskiya da Bagauda suka yi shiru. Yau da yawa daga masu zama a dandalin dara ba hutu suke yi ba, jira suke: lebura mai jiran a buɗe ƙofa a ɗebi 'yan aikin yini, direba mai jiran lodi, ɗan dako mai jiran mota ta iso. Daga nan ne sunan dara ya ƙara ɓaci, har ake cewa ita ke hana mutane neman na kansu. Wannan juya magana ce. Rashin aiki ne ya tsawaita zaman, dara ta tarar da mutane a zaune ne.

Akwai suka mai nauyi da ba zan tsallake ba, ita ce ta malamai. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban ilimin addini a ƙasar Hausa ke karantawa, ta hana wasan nardu da shaɗaranji, kuma Imamu Malik bai ga alheri a shaɗaranji ba, ko da yake a mazhabar Shafi'i an sassauta a kansa idan babu kuɗi kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Malamai da yawa a nan suna auna dara da wannan ma'auni. Hukunci nasu ne, ba na marubuci ba. Amma illolin da suke tsoro a bayyane suke, kuma na gaske ne: sa kuɗi, da rantse-rantse, da barin salla ta wuce. Duk dandalin da aka fara aje naira a gefen ramuka ya lalace, domin daga ranar babu mai yarda da hukuncin dattijo, kowa aljihunsa yake karewa. Dandalin kirki kuwa da an kira salla ake tashi, a bar 'ya'ya a gidajensu, a dawo a tarar ba wanda ya taɓa. Kuma idan ana maganar caca a Kano ta yau, ba a gindin dalbejiya take ba. Tana cikin wayar hannu da shagunan cacar ƙwallo, waɗanda Hukumar Hisba ta shiga rufewa a 2024. Saurayin da ya bar dara ba islamiyya ya tafi ba, galibi can ya koma.

Abin da dara ta rasa shi ne rubutu, kuma a nan duba abin da wasu suka yi da nasu yana da amfani. A 1959 wani Ba'amurke, Allan Calhamer, ya fitar da wasan cin ƙasa mai suna Diplomacy, inda mutum 7 ke riƙe da manyan daulolin Turai a kan taswira, farawa daga shekarar 1901, ba tare da jefa ɗan lido ba. Daga 1963 aka fara buga shi ta gidan waya: kowa ya rubuta matakin da zai ɗauka, ya aika wa alƙali kafin ranar da aka yanke, alƙali ya haɗa ya sanar da sakamako. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka riƙa yin wasa ɗaya na tsawon watanni. Ba don wasansu ya fi dara zurfi ba ne. Abu uku suka tanada: ƙa'ida a rubuce, alƙalin da kowa ya yarda da shi, da wa'adi. Dandalinmu yana da alƙali, yana da layi, amma duk a ka suke. Idan tsohon maigadin ya koma garinsu, ko aka rufe kamfanin aka watse, dandalin ya tafi da duk abin da ya sani. Ba a san gwanin Bompai a Chalawa ba, kuma babu wanda ya taɓa ajiye yadda wani shahararren wasa ya gudana gida bayan gida don na baya su koya. Dambe da kokawa da langa sun samu shiga gasar wasanni ta ƙasa saboda an zauna an tsara musu ƙa'ida guda.

Ba na goyon bayan a kwashe dara a kai ta zauren taro a sa mata rigar gwamnati, domin ranta yana wurin da leburori ke zama. Aikin da ake bukata kaɗan ne. A samu ɗaliban Hausa na Jami'ar Bayero su zagaya dandalolin Sharaɗa da Chalawa da Bompai, su zauna da tsofaffin 'yan dara, su rubuta ƙa'idojin kowane wuri da kalmomin da ake faɗa a bakin wasa, tun masu su na raye. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta buga ƙa'ida guda ta gasa a takarda ɗaya, da boko da ajami, ba tare da an soke ta sauran garuruwa ba. Rassan ƙungiyoyin ƙwadago na unguwannin uku su fitar da gwanayensu a kara sau ɗaya a shekara, a ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu, da sharaɗi biyu da ba sassauci: ba a sa ko sisi, kuma da an kira salla a tashi. Masu kamfanonin da har yanzu injinsu ke juyawa, ku ma ga naku: rumfa ɗaya da benci biyu a bakin ƙofa, da umarni ga masu gadi kada su kori mutanen da ke zaune suna dara.