Fatalwar Borley: binciken da ya ciyar da tsoro

A shekarar 1940 Harry Price ya wallafa littafinsa The Most Haunted House in England, a kan wani gidan limamin coci da ke ƙauyen Borley, a yankin Essex na Ingila. An gina gidan a 1862, kuma tun kafin zuwan Price ake raɗe-raɗin fatalwar wata mata mai zaman zuhudu da ke yawo a lambunsa. Littafin ya zo da alkawarin da kowane mai binciken gaibu ke ɗauka, wato a haska fitilar ilimi domin tsoro ya kau, tunda rashin sani ya fi dare duhu. Abin dubawa shi ne ko ya cika alkawarin.

A zahiri aikin ya yi kama da na masana. A 1937 Price ya yi hayar gidan na shekara guda, ya ba da sanarwa a jaridar The Times, ya zaɓi masu sa ido 48, ya raba musu ɗan littafin umarni. To, a nan gizo ke saƙa. Littafin umarnin ya lissafa abubuwan da za su iya gamuwa da su: ƙarar ƙararrawa, takun sawu, giftawar siffar mutum. Wanda aka faɗa wa abin da zai ji kafin ya kwana a tsohon gida, ko ɓera ya motsa sai gabansa ya faɗi. Ashe tun kafin a fara awo an riga an shuka amsar a zukatan masu awon.

Gidan ya ƙone a 1939, Price ya mutu a 1948. A 1956 wasu mutum uku, Eric Dingwall da Kathleen Goldney da Trevor Hall, ƴan ƙungiyar binciken gaibu da aka kafa a Landan a 1882, suka bi takardunsa ɗaya bayan ɗaya. Hukuncinsu shi ne ya ƙara wa shaidu gishiri, ya ɓoye bayanan da ke rage armashin labari, har suka zarge shi da shirya wasu abubuwan da hannunsa.

Ya dace a gwama wannan da labarin Vic Tandy, injiniyan da ya ba da rahoto a 1998 cewa ya ga wata inuwa a ɗakin aikinsa, tsigar jikinsa ta tashi. Da ya bi diddigi, sai ya tarar da fanka mai fitar da sautin da ke kaɗawa kamar sau 19 a daƙiƙa, wanda da ƙyar kunne ke kamawa. Ya ce da aka gyara fankar, abin ya gushe. Masana na jayayya kan bayaninsa, amma hanyarsa ta ba da damar a gwada, a ƙaryata.

Bambancin ke nan. Bincike yana rage tsoro ne idan mai yinsa ya yarda amsar na iya zama fanka ko ɓera. Price kuwa fatalwa yake bukata, domin ita ce jarinsa. Malamin da zai sa littafin a gaban ɗalibai, ya haɗa shi da rahoton 1956, su koyi tambayar mai labari: wa ya gani, yaushe ya rubuta, me aka faɗa masa tun farko?