Unguwar Jamaliyya a Ƙagaggun Labaran Najib Mahfuz

1.0 Gabatarwa

Masu nazari da dama, in sun zo maganar Najib Mahfuz (1911–2006), sukan ɗauke shi a matsayin mai begen tsohuwar Alƙahira, watau wanda ya zauna yana yabon unguwar da aka yanke masa cibi. Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa wannan fahimta da sauranta. Za a dubi littattafansa biyu, Zuƙaƙul Midaƙƙi (1947) da Bainal Ƙasraini (1956), don a ga irin matsayin da ya bai wa unguwar Jamaliyya a cikin jigonsa.

2.0 Asalin Unguwar

A shekarar 969 ne Jauhar, sarkin yaƙin Halifa Mu'izzu na Faɗimiyyawa, ya kafa Alƙahira. A tsakiyar birnin aka gina fada biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, filin da ke tsakaninsu kuwa shi aka kira Bainal Ƙasraini, watau tsakanin fadoji biyu. Bayan Salahuddini ya kawar da daular a 1171, sai fadojin suka shiga lalacewa. Sarkin Mamaluka Ƙalawun ya gina asibiti da makaranta a gurbin ta yamma wajen 1285, kasuwar Khanul Khalili kuma ta tashi a kan makabartar halifofin. Malam Maƙrizi (ya rasu 1442), wanda shi ma ɗan wannan yanki ne, ya bi gine-ginen ɗaya bayan ɗaya ya rubuta tarihinsu a cikin Khiɗaɗ. Ko a zamaninsa fadojin sun riga sun tafi, suna kaɗai ya rage. Wannan sunan ne Mahfuz ya ɗauko ya laƙaba wa labarin wani ɗan tireda da iyalinsa.

3.0 Unguwar Daga Bayan Taga

Abin lura na farko shi ne, mai karatu ba ta titi yake shiga unguwar ba. Ta idon Amina yake fara ganinta, da tsakar dare, tana tsaye bayan taga mai ragar katako tana jiran dawowar mijinta, Sayyid Ahmad Abdul Jawad, daga yawon dare. Tana hangen hasumiyoyin Ƙalawun da Barƙuƙ, amma shekara ashirin da biyar tana kulle, ba ta fita sai in maigida ya kai ta gaida mahaifiyarta cikin keken doki. Ranar da ta yi ƙuru ta je ziyarar masallacin Husaini, mijin ya yi tafiya zuwa Fot Sa'id, sai mota ta buge ta a hanyar komawa. Da ta warke ya kore ta zuwa gidansu.

A nan gwanintar marubucin take. Masallacin da mutane ke niƙo gari daga nesa don su ziyarta, ita da ke maƙwabtaka da shi zuwa ɗaya ya kusa kashe mata aure. Ashe ke nan girman unguwar na wanda ke da ikon ƙetare ƙofar gida ne. Ɗanta Fahmi, wanda ya ƙetare ta ya shiga zanga-zangar 1919, harsashin sojan Ingila ne ya karɓe shi.

4.0 Mawaƙi da Rediyo

Zuƙaƙul Midaƙƙi kuwa da kora ya fara. Tsohon mawaƙin da ya daɗe yana rera labarin Banu Hilal da gogensa a gidan gahawar Kirsha, an sallame shi domin ana kafa akwatin rediyo. Mahfuz bai ɗora laifin a kan baƙo ba. Mai gidan gahawar ne da kansa ya ce jama'a sun gaji. Haka Hamida ta tsani lungun ta gudu, ta faɗa hannun kawali. Abbas mai aski ya tafi aiki sansanin sojan Ingila don ya tara kuɗin aurenta, ƙarshe sojojin suka kashe shi da duka. Bayan 'yan kwanaki lungun ya koma harkarsa kamar ba a yi ba. Wanda ya zauna ya tsufa cikin talauci, wanda ya fita ya halaka: gaba kura, baya sayaki. Mai bege ba haka yake rubutu ba.

5.0 Inda Aikin Ya Gaza

Duk da haka akwai abin gyara. Mahfuz ya sa taurarinsa duka, daga mai gasa burodi har zuwa maroƙi, suna magana da daidaitaccen Larabci, ya ƙi karin harshen Alƙahira. Wannan ya sa ana karanta shi daga Maroko har Iraƙi, amma ya rage wa lungun gishiri. Muna ganin fuskokin mutanen, muna sanin zuciyarsu, muryarsu ce dai ba ta iso mu yadda take ba. Ga unguwar da rabin al'adarta a baka take, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

6.0 Kammalawa

A 1979 hukumar UNESCO ta sa tsohuwar Alƙahira cikin wuraren tarihi na duniya, a 2008 kuma aka kammala gyaran titin Mu'izzu, ya zama wurin yawon buɗe ido. Gyaran ya ceci abin da Maƙrizi ya rubuta, watau dutse da katako. Abin da Mahfuz ya rubuta kuwa, mazauna ne da ƙuncinsu, kuma magini ba ya gyara wannan. Saboda haka duk mai son rubuta tarihin tsohuwar unguwa, ya kamata bayan ya ƙirga hasumiyoyi ya tambaya: wa ke bayan taga, kuma wa aka sallama daga gidan gahawa?