Wasan “Master Harold” na Athol Fugard da Yadda Aka Nuna Shi

Wannan wasan kwaikwayo labarin Afirka ta Kudu ne tsantsa, amma a Amurka aka fara nuna shi, a dandalin Jami'ar Yale, cikin watan Maris na 1982. Shi ne wasan Fugard na farko da ya fara fitowa a ƙasar waje. Daga nan ya koma Broadway a birnin New York, inda aka nuna shi sau 344. A gida kuwa, gwamnatin wariyar launin fata ta fara haramta shi, sai a 1983 aka sa shi a dandalin Market da ke Johannesburg.

'Yan wasa uku ne kacal, a wani shagon shayi na Port Elizabeth a 1950: Hally, yaron Bature ɗan mai shagon, da barorinsu baƙaƙe, Sam da Willie. Sam ne ya yi wa yaron tarbiyyar da ubansa mashayi ya kasa. Duk da haka, ranar da baƙin cikin uban ya turnuƙe Hally, a kan Sam ya huce, har ya tofa masa yawu a fuska. Fugard, wanda ya rasu a 2025, bai ɓoye ba cewa shi kansa ya aikata wannan yana yaro.

A ganina, nasarar wasan a hannun mai fitowa a matsayin Sam take. In ya cika ladabi, sai mai kallo ya ɗauka ana yabon haƙurin bara ne, irin wanda Turawan mulki ke so ga kukunsu. Waɗanda suka ga zamanin nan a ƙasarmu sun san irinsa. Alhali Sam ya yunƙura zai doki yaron, Willie ya tare shi, kuma ko da ya sauko, gargaɗi ya yi masa irin na uba. Amanarsa zaɓi ce, ba tsoro ba.

Zakes Mokae ne ya fara riƙe wannan matsayi, ya kuma sami lambar yabo ta Tony a 1982. John Kani ya karɓa a Johannesburg. Danny Glover, wanda ya fito a Willie tun a Yale, sai da ya manyanta sannan ya zama Sam a Broadway a 2003, shekara tara bayan zaɓen da ya kawo Mandela mulki.