Kamanci: Barkwancin Da Ke Aron Muryar Manya

Kamanci sana'ar barkwanci ce da ƴan kama ke yi a kasuwanni da wuraren biki da suna, tun daga Kano da Katsina har ƙetaren iyaka ta Jibiya da Ɗan Isa, zuwa Madarunfa da Maraɗi. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ba ta raba al'adar ba, domin Katsinawan Maraɗi da na Birnin Katsina tushensu ɗaya ne.

Ɗan kama ba ya ƙirƙiro karin waƙa nasa na kansa, aro yake yi. Sai ya tsaya tsakiyar taro, ya gyara murya, ya murtuke fuska kamar malamin da zai buɗe wa'azi, yaransa na amsa masa. Sai an kasa kunne a ji ashe zancen tuwo da miyar kuka ake yi, ana bayanin falalar man shanu da hukuncin wanda ya bari fura ta kwana. Haka yake yi wa waƙoƙin fada da na shahararrun mawaƙa irin su Mamman Shata: kari da kiɗa na nan yadda aka san su, amma inda ake jiran sunan gwarzo sai a ji sunan waina ko kilishi. Daɗin abin ya dogara ne ga sanin asalin waƙar. Wanda bai san ta ba, rabin dariyar ya wuce shi.

Nan ne kamanci ya bambanta da zambo. Mai zambo yana da abokin gaba, yana siffanta shi har kowa ya gane. Ɗan kama kansa yake fara zubarwa, ya fito a matsayin makwaɗaici marar kunya, don haka ba mai iya kai ƙararsa. Amma taro ya san kwaɗayin wa ake nufi: na mai rawanin da idonsa ke kan akushi, da maroƙin da yabonsa ke bin nauyin aljihu. Kuskure ne babba a ɗauki wannan a matsayin shirme kawai. Tun a 1967 wani manazarci mai suna C. G. B. Gidley ya wallafa nazari a kan fasahar.

A Turai da Amurka, mawaƙan salon kiɗan punk sun bi wata hanya wajen taɓa manya: fito-na-fito. A 1977 BBC ta hana sa waƙar ƙungiyar Sex Pistols da ta taɓa Sarauniyar Ingila, kuma a 1979 jagoran ƙungiyar Dead Kennedys, Jello Biafra, ya tsaya takarar magajin garin San Francisco don ya muzanta ƴan siyasa. Ɗan kama bai buƙaci haka ba, tunda a gaban wanda yake yi wa shaguɓe yake wasa, har ya karɓi kyautarsa.

Yau ƴan kama sun ragu a kasuwanni. Salon nasu ya koma finafinan camama, inda Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya yi suna wajen juya waƙoƙin da ke tashe, sannan salon ya shiga gajerun bidiyon da matasa ke turawa juna ta waya.