Kura da Shan Bugu: Kilarinet da Tseren Kaifin Sauti

Kafin babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Turai ta fara wasa, mai busa obo, ɗan'uwan algaita, yakan busa sauti ɗaya da ake kira A, kowa ya saita kayansa a kai. A rubuce, wannan sauti girgiza 440 ne a daƙiƙa guda. Haka taron Landan na 1939 ya amince, hukumar ISO kuma ta bi sahu a 1955. Mu masu rubuta manhaja mun riƙe alkawarin: a tsarin MIDI lamba 69 na nufin 440, kuma a kan haka fiyanon da ke situdiyoyin Kano yake fitowa daga kamfani. Amma manyan makaɗan New York suna kan 442, na Balin da Biyana kuwa 443.

Hujjarsu kaifi ce. Mai goge na ganin in ya ƙara ɗaure tsirkiya, muryar takan fi armashi. Ba mu ƙaryata kunnensa ba. Sai dai kaifin ba ya bayyana sai an gwada shi da na maƙwabci. In kowa ya hau 442, ribar ta tafi, sai wani ya nemi 443.

Wa ke biyan kuɗin? Mai goge murɗa ɗan maɓalli kawai zai yi. Kilarinet kuwa itace ne da aka huda wa ramuka bisa lissafin sauti guda. Don ya hau, sai mai busa ya sauya ɗan bututun da ke haɗa baki da gangar jiki, daga mai milimita 66 zuwa mai 65. Milimita ɗayan nan ba ta raba kanta daidai. Sautin da ke fita ta ramukan sama, inda hanyar iska gajera ce, yakan tashi fiye da na ƙasa, sai kayan busar ya daina jituwa da kansa. Ga shi in zaure ya ɗumama, kayan busa sukan ƙara hawa. Ko dai mutum ya yi ta gyara da leɓe, ko ya sayi sabon kilarinet. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

An taɓa bin wannan hanya. Kukan mawaƙa na cikin abin da ya sa Faransa ta kafa dokar 435 a 1859. A Ingila sauti ya kai wajen 452, har wani likitan maƙogwaro, George Cathcart, ya gindaya sharaɗi a 1895: ba zai ɗauki nauyin wasannin Proms ba sai an sauko. Sai da aka sayo sababbin kayan busa. Badujalar sojan Birtaniya ba ta sauko ba sai 1929.

Ba mu ce 440 lamba ce mai tsarki ba, kamar yadda wasu a intanet ke jingina wa 432 ikon waraka. Darajarta ɗaya ce: an yarda da ita. A aikinmu mun san cewa ma'aunin da kowane kamfani ke ɗan karkatarwa don ya burge, ya tashi daga ma'auni. Shugaban makaɗan da ke son armashi ya neme shi a hannu da numfashin mutanensa. In kuma dole sai ya ƙara lamba, to ya fara tambayar mai kilarinet da mawaƙiya, tunda aljihun ɗaya da maƙogwaron ɗayar ne za su biya.