Ɗangon farko a matsayin mabuɗi: sharhi kan lissafa tsofaffin waƙoƙin Ingilishi

1. Matsala

A ƙarni na 16 maɗaba'un Landan sun riƙa tattara waƙoƙin mawaƙa da dama cikin kundi guda. Wanda ya fi shahara shi ne na Richard Tottel, na 1557, mai waƙoƙi 271 a bugun farko. Mai son lissafa irin waɗannan waƙoƙi dole ya zaɓi abin da zai kama kowace waƙa da shi: take, ko sunan mawaƙi, ko ɗangon farko. Margaret Crum a 1969, William Ringler a 1988, da Steven May wanda ya kammala aikin Ringler a 2004, duk sun zaɓi ɗangon farko, suka jera shi bisa tsarin abajada. A nan za mu auna wannan zaɓi.

2. Hujjar zaɓin

Hujjar tana da ƙarfi. Yawancin taken da ke cikin kundin Tottel ba mawaƙan suka sa su ba, mai shirya bugu ne ya laƙa su. Suna kuwa ya fi take rauni. A 1599 William Jaggard ya buga The Passionate Pilgrim da sunan Shakespeare, alhali daga waƙoƙi 20 na ciki biyar kaɗai aka tabbatar nasa ne. Ke nan ɗangon farko ya fi su duka riƙo, tunda shi yana cikin jikin waƙar.

3. Inda mabuɗin ya gaza

Sai dai shi ma yana motsi. Mu ɗauki waƙar makiyayi ta Christopher Marlowe. A kundin Jaggard ta zo da baiti huɗu, ƙarƙashin sunan Shakespeare. A England's Helicon na 1600 ta zo da baiti shida da sunan Marlowe, kuma da ƙarin kalma ɗaya a goshin ɗangon farko. Kalmar nan guda ta isa ta raba su: matanin 1599 ya faɗa harafin L, na 1600 ya faɗa harafin C. Ishara daga wannan gurbi zuwa wancan tana ɗinke ɓarakar, amma sai mai lissafi ya riga ya yanke hukunci cewa waƙar ɗaya ce. Hukuncin nan na mai nazari ne, jadawali kuwa yana nuna shi kamar abin da aka tarar a ajiye. Haka ma daidaita rubutun kalmomi, a zamanin da Ingilishi bai da tsayayyar ƙa'idar rubutu.

Rauni na biyu ya fi nauyi. A kundin 1600 waƙar amsa tana biye da ta Marlowe kai tsaye, ba da sunan mai ita ba. Izaak Walton ne ya jingina ta ga Walter Ralegh a 1653. Waƙoƙin biyu zance ne da martaninsa. Tsarin abajada ya raba su, ya kai kowace gidan harafinta, ma'anar jerin ta salwanta.

4. Kammalawa

A ganinmu jadawalin ɗangon farko kayan nema ne mai kyau, amma bai wadatar ba wajen bayyana waƙa. Ya kamata kowane gurbi ya ambaci bugun da aka duba, da yawan baitoci, da waƙar da ta gabata da wadda ta biyo. Ɗalibin da ya dogara ga jadawali kaɗai zai samu waƙar, amma ba zai san yadda mai karatu na 1600 ya tarar da ita ba.