Nunan Fari da Albashin Janairu

Nunan fari shi ne abin da mutum yake fara cirewa daga amfanin da ya samu, ya miƙa wa Allah tun bai taɓa saura ba. A shekarun nan wannan tsohuwar koyarwa ta ɗauki sabon salo a majami'u da yawa na Najeriya. Ana buƙatar ma'aikaci ya kawo albashinsa na watan Janairu dungurungum, ɗan kasuwa ya kawo ribarsa ta farkon shekara, wanda ya sami sabon aiki kuma ya kawo albashinsa na fari. Daga bagade ana cewa wannan ita ce shaidar mutum ya sa Allah gaba da kome. Niyyar tana da kyau, amma ma'aunin da aka ɗauko ya yi wa maganar kaɗan, wani lokaci ma yana cutar da waɗanda suka fi kowa himma.

Tushen al'adar yana cikin Tsohon Alkawari. A Littafin Firistoci sura 23, an umarci Isra'ilawa su kai wa firist dami ɗaya na farkon girbi, kada su ci sabon hatsi sai an miƙa shi. A Maimaitawar Shari'a sura 26, manomi yana zuba farkon amfanin gonarsa a kwando, ya kai wurin sujada, ya ba da labarin yadda Allah ya fito da kakanninsa daga bautar Masar, sa'an nan ya yi murna tare da Balawe da baƙon da ke zaune a ƙasar. Littafin Ƙidaya sura 18 ya nuna inda kayan suke zuwa: abincin firistoci ne, domin ba a ba su gādon ƙasa kamar sauran jama'a ba. Ko'ina aka duba, abin da ake kawowa ɗan kaso ne, kamar dami ko kwando. Rumbun yana nan a gida, iyali suna ci.

Ikkilisiyoyin arewa sun fahimci wannan tun da wuri, domin na manoma ne. Aikin mishan na SIM da ya fara a 1893 ya haifi ikkilisiyar ECWA, na SUM da ya sauka a Wase a 1904 ya haifi COCIN da wasu 'yan'uwanta, EYN kuma ta tsiro daga Garkida a 1923. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, masu karanta shi galibi mutanen fartanya ne, ba sa neman mai yi musu bayanin dami. Har yau a ƙauyukan Filato, kudancin Kaduna, Gombe da Adamawa, ranar godiyar kaka tana cikin manyan ranakun shekara. Maza suna shigowa da damman dawa da gero a ka, mata da kwanonin gyaɗa, acca da wake, yaro yana jan akuya tana turjewa a bakin ƙofa, Zumuntar Mata suna buga tulu suna waƙa. Gwauruwar da ba ta da gona takan kawo ƙwarya ɗaya ta kuɓewa busasshiya, a karɓa da hannu biyu. Bayan an tashi, wani kaso ya shiga rumbun mai bishara, wani a sayar don gyaran rufin majami'a, wani a keɓe wa marayu. Kowa ya ga abin da ya shigo, kowa ya san inda ya tafi.

Sabon salon ya biyo wata hanya dabam. Ya yaɗu ne tare da wa'azin wadata da ya yi ƙarfi a majami'un Fentikos na kudu tun daga shekarun 1970 da 1980, zamanin da sunan Benson Idahosa na Benin ya cika ƙasa. Talabijin ya kawo shi Kaduna, Jos da Abuja, yanzu kuma waya tana kai shi har cikin ɗaki, da lambar asusun banki a ƙasan hoto. Tsofaffin ikkilisiyoyi ma ba su tsira ba, don matasansu suna jin wa'azin can su dawo da shi gida, wasu fastoci kuma suna ganin maƙwabta sun ɗora bene.

Adalci ne a faɗi abin da ke da kyau a ciki. Ma'aikacin ofis ba shi da dami, dole ya nemi hanyar nuna godiya da abin da yake samu. Akwai masu bayarwa da zuciya ɗaya, sun shirya tun Oktoba, ba su bar kowa da yunwa ba, ba sa kuma jiran a yaba musu. Irin waɗannan ba abin zargi ba ne. Ikkilisiya kuma tana da nauyi na gaske: makarantu, asibitoci, masu bishara a ƙauyuka masu nisa, da 'yan gudun hijira da rikici ya raba da gonakinsu.

Matsalar tana farawa ne sa'ad da kyauta ta zama doka. Janairu shi ne wata mafi tsanani a gidan ma'aikaci: Kirsimati ya cinye ajiya, kuɗin makaranta na zango na biyu yana jira, mai gida yana ƙwanƙwasa ƙofa. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2024 naira dubu 70 ne. Malamar firamare da ta sa wannan duka a ambulan, washegari za ta nufi mai shago neman bashin masara, ko ta roƙi uwar adashi a ba ta kwasar wani. Idan aka ce mata ƙin bayarwa zai rufe mata ƙofofin shekara, to tsoro ne ya fitar da kuɗin, Bulus kuwa a wasiƙarsa ta biyu ga Korantiyawa sura 9 ya ware tilas daga bayarwar da Allah yake so. Mafi muni shi ne alkawarin riba, cewa wanda ya ba da Janairu zai sami ƙarin girma, mota ko biza kafin Disamba. Nan godiya ta koma ciniki, kuma idan Disamba ta zo ba a ga kome ba, mai bayarwar ne ake ɗora wa laifin ƙarancin bangaskiya. Mutane nawa ne suka daina zuwa sujada shiru saboda wannan kunya?

Yesu ya yi magana kai tsaye a kan irin wannan. A Markus sura 7 ya tsauta wa malaman da suke barin mutum ya keɓe dukiyarsa wa Allah don ya kuɓuta daga kula da uwa da uba. A Matiyu sura 5 ya ce mai baiko da ya tuna akwai ɓaraka tsakaninsa da ɗan'uwansa ya ajiye baikon, ya je su shirya tukuna. Ayar nan ta Matiyu 6:33 da ake yawan kafa hujja da ita tana tsakiyar magana ce a kan damuwar ci da sha da sutura, abin da ta ce a fara nema kuwa mulkin Allah ne da adalcinsa. Adalci ana ganinsa ne ranar Talata a kasuwa: mudun da ba a buga masa gindi ba, yarinyar aiki da aka biya hakkinta a kan kari, ma'aikacin jinya da bai bar majiyyaci ya tafi taron addu'a ba, malamin da ya kwana a addu'ar dare amma bai mai da aji wurin barci ba. Haka kuma addu'ar safe ta iyali, wadda dā ake ji daga gidajen Kirista kafin gari ya waye, uba yana karatu yara suna hamma, yau a gidaje da yawa ta koma kowa da wayarsa. Ba a kiran mai yin waɗannan gaba a tafa masa, shi ya sa wa'azinsu ya ragu.

Gyaran yana hannun fastoci da dattawan ikkilisiya. Tsarin da Bulus ya ba Korantiyawa a wasiƙarsa ta fari sura 16 ya fi dacewa da mai albashi: a ranar farko ta kowane mako mutum ya ware wani abu gwargwadon samunsa. A daina karanta sunaye da adadi daga bagade, a daina tsayar da masu bayarwa a gaban waɗanda ba su iya ba. A karanta wa jama'a lissafin abin da ya shigo da inda ya tafi, kamar yadda ma'ajin ƙauye yake yi bayan godiyar kaka. Wanda ya zo da niyyar ba da albashinsa duka, dattijo ya tambaye shi a keɓe ko matarsa ta sani, ko an biya kuɗin makarantar yara, ko an aika wa tsohuwa nata a gida.